Motar da ke fito idan an taka totur

Sani, ka ce Corolla 2005 da aka kawo jiya tana fito, wato siririyar ƙara kamar usur, idan an taka totur, kana tambaya ko ka sayo sabon fambel. Kada ka sayo komai tukuna. Fara gano abin da ƙarar take bi: juyin inji ko gudun mota.

Ja hambirki, sa giya a firi, buɗe bonet, wani ya riƙa taka totur a hankali kai kuma ka kasa kunne. Idan a tsaye shiru, sai a kan titi take fito, to ka duba robar ƙofa, gefen gilashi, boris ɗin taya ko giyabos. Idan tana yi a tsaye, matsalar tana ƙarƙashin bonet, kuma yawanci ko iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba, ko wani abu ne a layin fambel.

Fara da iska, don nan yara ke ɓata. Kalli ƙaton tiyon da ya taso daga iyakilina zuwa bakin totur, wato ƙofar da ke buɗe wa inji iska in an taka. Zafi da ƙura suna busar da robarsa, sai ya tsage a cikin lanƙwasar, galibi ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Cire shi, ka tanƙwara shi da hannu a cikin haske. Tsagar nan tana ƙara kuka idan an ba da wuta, saboda iska ta ƙaru, inji kuma yana ɗan karkata ya buɗe bakin tsagar. Ɓular da ke bayan totur kuwa, kamar gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba wa inji iska) ko ƙananan tiyo, ta fi kuka a silo, domin lokacin da totur ke rufe ne zuƙar ta fi ƙarfi. Kana takawa sai ta ragu. Riƙe wannan bambancin da kyau, zai rage maka rabin aiki.

Injin wannan Corolla, 1ZZ, an san gaskit ɗin manifol ɗinsa da yoyon iska in ya tsufa, musamman da sassafe kafin inji ya ɗumi. Jona kwamfuta. Idan ka ga lambar P0171, mai nuna iska ta yi wa mai yawa, ko gyaran mai (ƙarin man da kwamfutar mota ke yi) ya haura +10 cikin ɗari a silo ya kuma sauko da an kai juyi 2,500 a minti, mai yiwuwa iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Ɗauki guntun tiyo, sa baki ɗaya a kunne, ka bi da ɗayan kan kowace mahaɗa. Kada ka fesa fetur don neman ɓula. Injin da ya yi zafi ba ya ɗaukar wannan ganganci. Tiyon da ya tsage a sauya shi. Naɗe shi da salatif bai wuce a kai mota gida ba.

In iska lafiya, koma kan fambel. Fesa ruwa kaɗan a cikinsa mai layi-layi inji na aiki, hannu da riga nesa da shi. Idan ƙarar ta ƙaru, ɗaurin ne ya yi sanyi, wato abin da ke danne shi ya gaji. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, wani fuli ne ya kauce daga layi. Sannan kashe inji, cire fambel, ka tayar na ƙasa da minti 1 kawai, don famfon ruwa ba ya juyawa. In fiton ya ɓace, juya kowane fuli da hannu: altaneto, famfon ruwa, na AC, na dannewa. Wanda ya yi ƙurji-ƙurji ko yake rawa, boris ɗinsa ya tafi. Altaneto kuma, bayan ka mayar da fambel ka tayar da inji, gwada shi da mita, ya kamata ya ba da volt 13.5 zuwa 14.5; idan kukan yana ƙaruwa da ka kunna fitilu da AC, ka zarge shi.

Masu shafa wa fambel man birki ko sabulu suna cutar mai mota. Ƙarar za ta ɓuya na ɗan lokaci, robar ta lalace, ainihin ciwon yana nan.

Ranar da aka kawo maka Hilux mai dizal da turbo, wato fankar da ke cusa wa inji iska, lissafin ya ɗan sauya. Ɗan siririn fito a wurinta ba laifi ba ne. Amma in ya yi ƙarfi, mota ta rasa ja, baƙin hayaƙi na fita, bi tiyon intakula, mai sanyaya iskar turbo, ka nemi inda baƙin mai ya jiƙa, ka ɗaure kilif. Irin wannan ɓular ba ta cika nunawa a tsaye ba, sai mota na jan kaya ko hawan tudu. In kukan ya koma kamar jiniya, kashe inji, cire tiyon gaban turbo, ka motsa sandarsa da yatsa. Idan fukafukan suna gogar bango, kada a sake tayar da ita sai an gyara.

Yanzu je ka cire tiyon iyakilinar Corollar, ka kawo mini mu duba tare.