Ruwa na taruwa a ɗakin ƙasan gidanmu a Bradford, wa za mu kama?

Wata Hajiya ce ta turo min saƙo daga Bradford a Ingila, ta ce shekara biyu kenan da suka sayi gida cikin gidajen nan na jere da bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci, to tun shigowar sanyi ruwa ke taruwa a ɗakin ƙasa har ya kai idon sawu, ya jiƙa buhun shinkafa da akwatunan kayan yara, kuma bangon ɓangaren maƙwabci ne ya fi tsatsafo da ruwan. Maigidanta ya ce a kai maƙwabcin kotu kawai, wani mai gyara kuma ya ce a biya shi ya shafe bangon da maganin hana ruwa.

Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah ki ba Alhaji haƙuri kada a je kotu yanzu, kada kuma a biya mai shafe bango tukuna. Sai an san inda ruwan yake fitowa sannan a san wanda doka ta ɗora wa alhaki, alƙali ma tambayar da zai fara yi muku kenan, in ba ku da amsa kun yi asarar kuɗin lauya.

Irin waɗannan gidajen yawancinsu sun haura shekara ɗari, ɗakin ƙasan kuma don ajiye gawayin kwal aka yi shi, shi ya sa ɗan danshi ba abin mamaki bane, amma ruwa har idon sawu akwai dalili. Yau da dare ku kashe duk famfunan gidan, ki ɗauki hoton lambar mitar ruwa in kuna da ita, da asuba kafin kowa ya yi alwala ki sake dubawa, in lambar ta motsa to bututunku ne ke yoyo. Ki lura kuma, sai an yi ruwan sama yake ƙaruwa ko kullum yana nan? Yana wari irin na masai ko garau yake? Sannan ki kira kamfanin ruwa, a wajenku Yorkshire Water ne, su kan ɗebi ruwan su gwada ko na famfo ne, su kan kuma zuba kala a kwata a ga ko za ta ɓullo a ɗakin. In mitar wuta ko soket na can ƙasa kada kowa ya taka ruwan sai mai gyaran wuta ya duba, musamman yara.

Ga abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Tun 1 ga Oktoba 2011 magudanar ƙazanta da gida biyu ko fiye suke amfani da ita tare ta koma hannun kamfanin ruwa a Ingila da Wales, kuma a gidajen jere sau da yawa magudana ɗaya ce ke bi ta bayan layin tana kwasar na kowa. In ita ce ta fashe ko ta toshe, gyaran nasu ne ba naki ba, ba na maƙwabci ba. Naki shi ne guntun da gidanki kaɗai ke amfani da shi cikin iyakar filinki. Bututun ruwan sha kuwa, in guda ɗaya ne ke raba wa gidaje da yawa bayan ya shigo iyaka, masu gidajen ne ke haɗa kuɗin gyara.

To in gwaji ya nuna daga maƙwabci ne, misali indararonsa ya karye ko bututun kicin ɗinsa na zuba a gindin bango, doka na tare da ke amma da sharaɗi, sai ya kasance ya sani ko ya kamata a ce ya sani kuma ya ƙi gyarawa. Tun 1940 aka kafa wannan a shari'ar Sedleigh-Denfield, inda magudana ta toshe ruwa ya malale filin maƙwabci, kotu ta kama masu filin da magudanar take ciki saboda sun san da matsalar suka bar ta. Kinga kenan sanar da shi a rubuce shi ne makaminki. Ku fara yi masa magana baki da baki cikin mutunci, maƙwabci ne, ta yiwu shi ma bai san abin da ke faruwa ba, daga nan ki bi da wasiƙa mai kwanan wata da hotuna da rahoton gwajin, ki ba shi kamar sati biyu. In haya yake yi, mai gidan za ki rubuta wa. Ya yi kunnen ƙashi, sai ki je sashen lafiyar muhalli na kansul, wato ƙaramar hukumarku, dokar gine-gine ta 1984 sashe na 59 ta ba su ikon tilasta wa mai gida ya gyara magudanar da ta lalace, kuma wannan hanyar ba sai kin ɗauki lauya ba. Kotu ita ce ta ƙarshe, kina da shekara 6 ki shigar da ƙara, kuma in diyyar ba ta wuce fam 10,000 ba akwai ɓangaren ƙananan ƙararraki da za ki iya tsayawa da kanki. Ina jan hankalinki ki yi a hankali ne saboda duk ranar da za ku sayar da gidan sai kun bayyana wa mai saye rigimar da kuka yi da maƙwabci.

Inshora kuma ki sanar da su yau ɗin nan, kada ki zubar da kayan da suka lalace sai kin ɗau hoto kin haɗa rasit. Yawanci suna biyan ɓarnar fashewar bututu amma suna ƙin biyan danshin da ya daɗe yana shiga a hankali. In suka ƙi, ki shigar musu da ƙorafi a rubuce, suna da sati 8 su amsa, bayan nan ki wuce Financial Ombudsman, wato hukumar da ke sauraron ƙorafin jama'a kan kamfanonin kuɗi da inshora, kyauta ne, cikin wata 6 daga amsarsu ta ƙarshe.

In kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa da kansa, gaskiya babu maƙwabcin da za ki kama, sai dai ki ɗauko fom ɗin TA6, wato takardar bayanan gidan da wanda ya sayar muku ya cike, akwai tambaya kan ambaliya a ciki, in ya san ruwa na shiga ya rubuta a'a kina iya neman diyya a kansa. Kafin mai gyara ya fasa bangon tsakaninku kuma, dokar Party Wall ta 1996, wato dokar bangon da maƙwabta suka yi tarayya a kai, ta ce a ba maƙwabci sanarwar wata biyu, in tono ne kusa da gininsa da zai zarce zurfin harsashinsa wata ɗaya.

Ki turo min hoton fom ɗin da takardar inshorarku da abin da kamfanin ruwa suka ce, sai in faɗa miki wasiƙar da za a fara rubutawa.