Alhaji, Manhajar Miliyan 7 Ba Ta Jin Kiran Wayarka

Wani ɗan kasuwa a nan Kaduna ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina sarin kayan masarufi, su taliya, shinkafa, man girki, madara da sabulu. Ina da shago a Kasuwar Sheikh Gumi, da sito a Kakuri, da ɗan ƙaramin reshe a Zariya. A shago muna da manhajar buga rasit, a sito yaro yana shigarwa a Excel, kuɗi suna shigowa ta POS guda biyu da tiransfa, oda kuma galibi ta WhatsApp. Duk ƙarshen wata lissafi ba ya haɗuwa, watan jiya giɓin ya kai wajen naira miliyan 1.4. Ɗan yayata da ya karanta kwamfuta ya kawo min wasu masu kamfani, sun ce za su ɗora min manhajar da za ta haɗe waɗannan duka wuri ɗaya a kan miliyan 7, sai kuma kuɗin wata da ake biya da dala. Ya ce in aka gama ko ina Saudiyya zan ga komai a waya, har in buɗe rassa goma. Ni dai ba na zargin yarana, don ni kaina wani lokaci nakan kira sito in ce a ba wane katan 20 ko 30, ma rubuta daga baya. In saya?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka saya yanzu. Amsar tana cikin jimlarka ta kusa da ƙarshe, wadda ka faɗa kamar ba komai ba: "ma rubuta daga baya." A nan kuɗinka suke zuba.

Ɗauki biro mu buga. A ce katan ɗin da kake bayarwa yana kan naira 18,000. Kira ɗaya na katan 25 ya tashi naira 450,000. In ka yi irin wannan kiran sau uku a wata aka manta ba a rubuta ba, ka sami miliyan 1 da dubu 350. Duba giɓin da ka ce ka gani watan jiya. Ban ce duk daga nan ya fito ba, amma na tabbata ba za ka iya faɗa min sau nawa ka yi wannan kiran a watan ba, kuma ba wanda zai iya, saboda ba a rubuta ba.

Ya kamata ka san ainihin abin da ake son sayar maka. Irin wannan manhaja ba ta ciniki, ba ta ƙirga kaya, ba ta tsaron ƙofar sito. Ɗan aike ce kuma tafinta tsakanin manhajojin da kake da su. Idan yaron shago ya buga rasit na katan 10 a Kasuwar Gumi, sai ta ɗauki labarin ta kai wa lissafin sito a Kakuri a rage 10, ta kai wa littafin akanta a shigar da cinikin, in alat ya shigo ta nemo rasit ɗin da ya dace da shi ta haɗa su. Tana bi ne ta wata ƙofa da masu gina manhaja suke bari don wata manhajar ta yi magana da tasu, wadda suke kira API. Aiki ne mai kyau, kuma inda ya zauna yana rage wahala ƙwarai. Amma duk wannan kai-komo yana farawa ne daga abu ɗaya: wani ya shigar da rubutu. Kiran da ka yi kana cikin mota a hanyar Zariya bai bi ta kowace ƙofa ba. Kaya sun hau Keke Napep sun tafi, kwamfuta kuma tana nan tana nuna maka suna sito. Bambancin kawai shi ne, da can ƙaryar tana zaune a Excel ɗin yaro ɗaya, yanzu kuma cikin daƙiƙa za ta bazu zuwa shago da Zariya da littafin akanta da wayarka. Yaron Zariya zai karɓi kuɗin kwastoma a kan kayan da babu su.

Na taɓa ganin wannan da idona. Shekarun baya wani dilan kayan gini ya kira ni, ransa a ɓace. Ya kashe kuɗi masu yawa an haɗa masa shago da sito da banki, wata huɗu ana aiki, sai ƙirga ta nuna tayal da fenti na miliyoyi ba sa nan. Ya riga ya yanke cewa mai kula da sito ne, har ana maganar kiran 'yan sanda. Dattijo ne, ya fi shekara goma sha biyar a gidan. Muka je sito da rana tsaka. Da aka faɗa masa abin da ake zargi bai ce uffan ba. Ya shiga bayan ƙofa ya ciro wata doguwar ƙusa daga bango, cike da takardu a soke: yagaggen buhun siminti, bayan rasit, murfin kwalin fenti. Kowace da kwanan wata da rubutun ajami, "Alhaji ya ce a ba wane." Muka zauna a kan bulo muna karantawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Wasu na surukin Alhaji ne, wasu na ginin masallacin unguwa, wasu na gidan da shi kansa yake ginawa, da yawa kuma na abokan ciniki ne da ya ba bashi ya manta. Da muka tara, kusan duk kayan da suka "ɓace" suna jikin ƙusar nan. Idon dattijon ya kawo ruwa, ni ma sai da na kawar da kai. Saura ƙiris a ɗaure mutumin da ya fi kowa riƙon amana a gidan, saboda mai gida ya gaskata allon kwamfuta ya manta da bakinsa.

Ka ce ba ka zargin yaranka, kuma wannan kyakkyawan hali ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk sito da kaya ke fita da "Alhaji ya ce", ranar da wani yaro ya fitar da katan biyar don kansa ya ce Alhaji ya ce, kai kanka ba za ka iya rantsuwa cewa ba ka ce ba. Ka jefa mai gaskiya cikin zargi, ka kuma ba marar gaskiya mafaka. Mu Musulmi ma bai kamata a tsaya ana koya mana wannan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke kayarwa. Lidl, babban kamfanin shagunan kayan masarufi na Jamus, ya fara aikin sauya tsarin lissafin kayansa zuwa manhajar SAP a 2011, ya watsar da aikin a 2018 bayan an ruwaito ya kashe wajen yuro miliyan 500. Daga cikin dalilan da aka bayyana, su sun saba lissafa kaya da farashin sari, manhajar kuma an gina ta a kan farashin sayarwa. Maimakon su sauya al'adarsu sai suka dage a tanƙwara manhajar, aka yi ta tanƙwarawa har kuɗi da shekaru suka ƙare. Waɗannan mutane ne masu injiniyoyi da odita iya son ransu. Al'ada ce ta kayar da su, kuma al'ada ce matsalarka.

Maganar kallon waya daga Saudiyya da rassa goma kuwa, ka ajiye ta. Na gaji da jin ta. Duk wanda ya zo sayar da manhaja da wannan hoton yake zuwa: Alhaji a kishingiɗe, kuɗi suna shigowa da kansu. Mutumin da wurare uku suka gagare shi haɗa lissafin wata ɗaya, in ya buɗe goma giɓin ne zai ninka, jarin ne kuma zai bi shi.

Ga abin da nake so ka yi, kuma bai kai naira dubu 50 ba. Je wajen masu ɗab'i su buga maka littafin fitar da kaya mai lamba a jere, kowace lamba shafi uku: ɗaya ya bi kaya, ɗaya ya zauna a sito, ɗaya ya zo shago kafin a tashi. Sannan ka tara yaranka duka, na shago da na sito da na Zariya, ka faɗa da bakinka a gabansu cewa daga yau ko kai ka kira, ko uwargida, ko ɗanka, katan ɗaya ba ya fita sai da takarda. Ka ba mai sito ikon ya ce maka "Alhaji, a turo takarda tukuna", kuma ranar da ya faɗa maka hakan kada ka ɗaure masa fuska. Wannan ranar ce jarrabawar, domin in ka yi masa tsawa sau ɗaya dokar ta mutu. In abin gaggawa ne kana hanya, ka tura saƙo a rubuce ga yaron shago, ya buga rasit na bashi da sunan mutumin, sannan sito ya saki kaya. Minti biyu ne. Kayan cefanen gida, kyautar biki, sadaka, kayan azumi da kake rabawa, duk su bi ta wannan hanya, kowanne da shafinsa. Ba wanda ya hana ka alheri da dukiyarka. Ana so ne a san alheri ne ya fita ba ɓata ba.

Cikin waɗannan kwanaki kuma ka sa a zauna a ba kowane kaya suna ɗaya da lamba ɗaya. Na tabbata in na buɗe littattafanka zan tarar da man girki iri ɗaya shago ya rubuta shi da sunan kamfani, sito ya rubuta "jarka babba", Zariya ta rubuta "lita 25". Mutum ya san abu ɗaya ne, manhaja kuwa kaya uku za ta gani. Haka katan da dozin da ƙwaya: a rubuta ƙwaya nawa ne a katan, kowa ya bi. Wannan aikin shi ne rabin abin da masu miliyan 7 za su caje ka a kai, kuma ba su san kayanka kamar yaranka ba. Duk Asabar a ƙirga kaya 20 da suka fi tafiya, a gwada da takarda.

Ka yi wata uku a haka. In giɓin ya sauko zuwa abin da ɓera da fashewar katan za su iya ci, to lokacin maganar manhaja ya yi, kuma ko a lokacin ina shakkar irin wadda aka kawo maka kake bukata. Manhajar haɗi ta manyan gidaje ce, bankuna da kamfanonin waya da masana'antu, masu tsofaffin tsare-tsare da yawa da ba za su iya zubarwa ba. Su ne ke biyan irin su MuleSoft, mai sayar da manhajar haɗi, wanda kamfanin Salesforce ya saya a 2018 a kan kimanin dala biliyan 6.5. Kuma ka lura da yadda igiyoyin haɗi tsakanin manhajoji suke yawa: tsari 3 igiya 3 ke haɗa kowanne da kowanne, tsari 6 kuwa igiya 15, kowace tana iya tsinkewa ranar da ɗaya daga cikin kamfanonin ya sabunta tasa manhajar. Kai Excel ɗin sito ba gadon kakanni ba ne. Zubar da shi ya fi ɗinke shi araha. Manhaja ɗaya da ke riƙe ciniki da sito da lissafi tare, irin su Odoo ko Zoho ko Sage, ta ishi mai wurare uku. Haɗin da ya cancanci kuɗinka shi ne tsakanin biya da rasit, yadda duk tiransfa da duk cinikin POS zai manne da lambar rasit ɗinsa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma waya, kuma a nan ne alat na bogi da kuɗin da aka tura asusun yaro suke ɓuya.

Kuɗin wata da dala ma ka dube shi da idon basira. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a kan dala 200 duk wata ya fara da biyan naira 92,000, ya wayi gari yana biyan 300,000, alhali ba a ƙara masa komai ba. Kuma da zarar shekara biyu na lissafinka sun shiga cikin manhaja, fita tana da wuya. Ka nemi farashi da naira, a rubuce, na shekara uku.

Game da ɗan yayarka, ban ga laifinsa ba, yaro ne mai son ya nuna abin da ya karanta. Amma ka tambaye shi kai tsaye ko yana da kamasho a cinikin, ba abin kunya ba ne. Duk abin da za a buɗe kuma, imel da lambar waya da babbar kalmar sirri su zama na kasuwancin, a hannunka. Shi a ba shi tasa ƙofar ta ma'aikaci. Gobe zai iya samun aiki a Abuja ko Legas.

Ranar da masu kamfanin suka dawo, kada ka karɓe su a ofis su nuna maka allo. Ka kai su Kakuri. Ka kashe intanet ɗin sito ka ce su fitar da katan 10, ka ga ko manhajar za ta riƙe ta tura daga baya in sabis ya dawo, don ka san halin wuta da sabis a garin nan. Ka sa su nuna maka abin da ke faruwa in kwastoma ya biya rabi da tiransfa rabi da tsaba, ko ya dawo da katan biyu da suka jiƙe. Ka sa su fitar maka da duk bayananka cikin fayil ɗin da za ka iya buɗewa ba tare da su ba. Ka nemi su haɗa ka da ɗan kasuwa ɗaya a Kaduna ko Kano da ya shekara yana amfani da aikinsu, ka je ka same shi kai kaɗai. Biya kuma kashi-kashi, kashin ƙarshe sai an rufe lissafin wata guda cif ya haɗu.

Bayan wata ukun ka turo min adadin takardun da aka rubuta da sunanka, da jimlar kuɗinsu, da giɓin da ya rage. Daga nan sai mu zauna mu duba wace manhaja ce daidai da kai.