Amsa ga ɗan'uwan da alƙalaminsa ya cije

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce watanni uku ke nan kana zama gaban kwamfuta domin ci gaba da littafinka, amma layin da ka rubuta da safe shi kake gogewa da yamma, har ka fara tunanin ko baiwar ce ta ƙare. Ni dai ban ga alamar ta ƙare ba, domin na taɓa shiga irin wannan hali, kuma abin da na gano shi ne alƙalami ya fi cijewa a daidai wurin da marubuci yake zaton ya san abin da zai faɗa, alhali bai sani ba.

A shekarar 2017 na ɗauki aniyar rubuta tarihin gidanmu, wato yadda kakanninmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, a garin da ake kira Mai Wurno. Babi biyu na farko ba su ba ni wahala ba, saboda duk wanda ya tashi a Mai Wurno ya ji labarin Burmi tun yana yaro. Da na kai babi na uku, wanda zai ɗauko ayarin daga Borno ya kai shi Darfur, sai komai ya tsaya cak. Kusan wata biyar na yi ina juya jimla ɗaya. Na sauya wurin zama, na koma rubutu bayan sallar asuba, na sha jabana, wato gahawar Sudan, har barci ya ƙaurace mini, duk a banza.

Wata rana na je gaishe da gwaggona, wadda a lokacin ta haura shekara tamanin, sai ta tambaye ni abin da ya hana ni leƙo ta. Na fara ba ta labarin babin da baki, ban yi nisa ba ta katse ni ta ce, “To, a ina suka yi damina?” Na yi shiru. Ban san inda suka yi damina ba, ban san abin da suka ci ba, ban san wa ya rasu a hanya ba. Sunayen garuruwa kawai na haddace, ina neman in gina babi a kansu. Ita ce ta gaya mini, kamar yadda ta ji daga mahaifiyarta, cewa sukan yada zango a ƙasar Wadai, cikin Chadi ta yanzu, su yi noma, su sami guzuri, sannan su ci gaba. Yammaci uku na yi ina ɗaukar muryarta a waya, kuma cikin mako biyu babin ya kammala.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu a nan Sudan, wato da Larabci muka yi karatu, Hausa kuwa a gida muka tsotsa, saboda haka nakan tsaya tsakiyar jimla ina neman kalma ko yadda ake rubuta ta da boko, kafin in samo ta, tunanin ya tsere. Daga baya na riƙa barin kalmar Larabcin a wurinta, ina ja mata layi, sai ranar gyara in dawo kanta.

Shawarata ita ce ka rufe kwamfutar, ka nemi wanda ba ya jin nauyin yi maka tambaya, ka ba shi labarin babin da baki, ka kuma rubuta duk tambayar da ta sa ka in-ina. Idan ba damuwa, ka faɗa mana abin da littafin ya ƙunsa da babin da ka tsaya, wataƙila a cikinmu akwai wanda ya san wurin.