Kuɗin fasasshen faranti daga albashi: abin da doka ta ce

Tambaya: Barista, shekara ɗaya da rabi ke nan ina aiki a kicin na wani babban gidan abinci a Bauchi, mu kusan arba'in. Mu shiga bakwai na safe, mu tashi tara na dare. In faranti ya fashe ko cinikin ranar bai cika ba, sai manaja ya zaftare a albashinmu. Makon jiya tafasasshen mai ya ƙona min hannu, aka ce in yi magani da kuɗina. Takardar ɗaukar aiki ma ba ni da ita. Ina mafita?

Amsa: Sannu da jiki, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙunar za mu fara bi, don ita ce lokaci ke ƙure wa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ki kwana 14 ki sanar da mai gidan aikin, shi kuma ya kai rahoto hukumar NSITF, mai biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, cikin kwana 7. Ki rubuta yau: rana, lokaci, inda abin ya faru, da waɗanda suka gani. Ki riƙe kwafi, ki ɗauki hoton hannun, ki adana katin asibiti da rasit ɗin magani. Faɗa da baki bai isa ba, gobe sai a ce ba a ji ba.

Zaftare albashin nan kuwa, shi ya fi ci min rai. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire tara daga albashi. Ko da sakacin ma'aikaci ne ya jawo asara, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku. Manajan da ya raba giɓin ciniki a kan kowa da kowa, har da mai wanke-wanke da ba ta taɓa kuɗi, ba shi da madafa.

Rashin takarda laifinsu ne. Sashe na 7 ya tilasta su ba ki ita cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 13 ya ba ki hutun aƙalla awa ɗaya a duk yinin da ya kai awa shida, da yini guda cikakke a mako. Tunda kun haura ma'aikata 25, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na dokar 2024 ya hau kansu.

Kada ki yi fushi ki ajiye aikin. Ki fara tara shaida: saƙonnin banki na shigar albashi, hoton jadawalin aiki da ke manne a bango, saƙonnin manaja na WhatsApp. Sannan ku haɗu ku rubuta koke, ku kai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Bauchi don a kira su sulhu. In suka ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi. In kuma kin yanke shawarar tafiya, ki ba su sanarwar mako guda a rubuce, kada su samu hujjar riƙe miki albashin ƙarshe.