Inna ta ce jariri sai da ruwa, malamar lafiya ta ce nono zalla

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarona watansa 3, akwai malamar lafiya da ke zagayowa gida-gida a ƙauyenmu ta ce ko ɗigon ruwa kar in ba shi sai ya cika wata 6, to ita kuma Inna, uwar mijina, ta ce wannan zafin bazarar babba ma ya ya ƙare balle jariri, da na juya baya sai ta ɗura mai da cokali. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na iya faɗa a gabanta balle in ce ta daina. Ya zan yi?
Mai jego, daga Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya. Gaskiyar malamar nan ce. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, in ya ji ƙishi ki ƙara sa shi a nono kawai, ke ce za ki yawaita shan ruwa da kunu. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi ba zai ja nono sosai ba, in bai ja ba nonon ya ragu, ga shi ruwan rijiya ko na randa shi ke kawo gudawa, gudawa kuma ita ce ƙofar tamowa. In yana jiƙa tsumma kamar sau 6 a rana kuma fitsarin bai yi ja ba, to ya ƙoshi.

Maganar Inna kuwa, wallahi ƙauna ce ta sa, haka ta raini nata. Kar ki yi musu da ita. Ki ja malamar gefe ki roƙe ta in ta dawo ta fara shiga ɗakin Inna, ta gaishe ta, ta zauna kan tabarma ta yi mata bayanin ita da kanta, in da hali maigidan yana wurin. Aikinsu ke nan ai, shi ya sa shirin CHIPS na masu zagayen lafiya gida-gida da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 yake ɗaukar 'yan gari waɗanda aka san su aka san iyayensu. Abin da kunya ta hana ki faɗa, ita za ta faɗa a ji.

In ya cika wata 6 sai ruwa mai tsabta da kunu, amma dan Allah ba tsararon nan mai zuba kamar ruwa ba, mai kauri wanda zai tsaya a cokali, gero da gyaɗa da waken suya a soya a niƙa tare, wata rana ki sa ƙwai ko garin busasshen kifi ko zogale da ɗan manja, nono kuma ya ci gaba har shekara 2. Daga lokacin ne malamar za ta riƙa auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai kala uku, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa suka kumbura, ranar za ki kai shi asibiti.

Yanzu dai in kin ga gudawa, ko ya ƙi kama nono, ko maɗigarsa ta faɗa, kar ki jira zagayowar malama, ki goya shi ku tafi asibiti mafi kusa.