Na saka math.h, amma gcc ya ce bai san sqrt ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru. Na rubuta ɗan lissafi da yaren C a kan Ubuntu, kuma na saka math.h a sama yadda aka koya mana. Da na buga gcc -lm lissafi.c sai ya watso min "undefined reference to sqrt", a ƙasa kuma "ld returned 1 exit status". Abin haushi, da na rubuta 25 kai tsaye a cikin sqrt, ya wuce lafiya lau. Ko in sake girka Ubuntun ne?

Amsa: Ƙanena, kar ka ƙona datarka a banza, Ubuntunka lafiyarsa ƙalau.

Ma'aikata biyu ne ke ɓoye a bayan gcc. Ka taɓa leƙa shagon masu babbar riga a cikin Birni? Wani na yanka, wani na haɗawa. Kompaila shi ne mai yanka: yana juya kowane fayil zuwa yaren na'ura. Shi kuma ld shi ke haɗa gutsattsarin su zama manhaja guda. Da zarar ka ga sunan ld a ƙarshen saƙo, to rubutunka ya tsallake, wajen haɗi ne aka cije.

Shi math.h sanarwa ce kawai cewa akwai wani aiki mai suna sqrt (mai fitar da "square root" na lamba). Ainihin aikin yana cikin laburaren libm (fayil mai tarin shiryayyun ayyukan lissafi), wanda -lm ke kira. Ka kira shi kuwa, amma tun kafin a buƙace shi. Daga hagu zuwa dama ld ke karatu, kuma tun fitowar Ubuntu 11.10 a 2011, ld ɗin na tsallake duk laburaren da babu wanda ya nemi wani abu daga gare shi a daidai lokacin da aka iso kansa. Don haka mayar da shi ƙarshe: gcc lissafi.c -o lissafi -lm. Shi ke nan fa.

Batun 25 kuwa, gcc ne ya lissafa da kansa ya ajiye 5, shi ya sa bai nemi libm ba.

Tunda ka fara, gobe za ka sauko da manhajar wasu ka buga make (umarnin da ke harhaɗa manhaja), allo ya cika da jan rubutu. Yaran da ke kawo min kwamfutocinsu a Sabon Gari layin ƙarshe suke nuna min, alhali na farko ne mai laifi, sauran duk 'yan rakiya ne. Sake bugawa da make -j1 don saƙonnin su jeru. Idan ka ga "No such file or directory" kusa da fayil mai .h, kunshin -dev (mai ɗauke da fayilolin .h) ne ba ka da shi, misali libssl-dev. Idan tsohon aiki ne yake cewa "multiple definition", sau da yawa sauyin da GCC 10 ya kawo a 2020 ne. Ƙara -fcommon ka samu ka wuce, daga baya ka gyara rubutun da kalmar extern ta yaren C.

In kuwa "Killed" ka gani a gefen cc1plus (kompailan yaren C++), RAM ɗinka ne ya ƙare. Rufe burauza tukuna.