Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙwallona Ke Karkata Dama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu da fara wasan golf, tun da na yi ritaya. Ɗana ya turo mini bidiyon Sergio Garcia, na ga hannayensa sun sauko har kusa da cinya amma kan sandar yana can sama a baya. Na yi ta kafe wuyan hannu don in yi irin nasa. Yanzu ƙwallon sai dama take tafiya, ga wuyan hannuna na hagu ya fara ciwo. Ina kuskuren yake? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, amma bidiyon nan shi ya jawo maka wahala.

Abin da ka gani shi 'yan wasa ke kira lag, wato kan sanda ya biyo bayan hannaye, kada ya riga su isa wurin ƙwallo. Garcia, ɗan Sifaniyan da ya ci gasar Masters a 2017, ya yi suna a kansa, haka ma Ben Hogan na Amurka tun zamanin da. Sai dai ba riƙe sandar suke yi da ƙarfi ba. Saukowar sanda daga sama zuwa ƙwallo ba ta kai rabin daƙiƙa, babu mai iya tsayawa ya ce wa wuyan hannunsa "dakata tukuna" a cikin wannan ɗan lokaci. Da ka kafe hannu, fuskar sandar, wato gefen kanta da ke bugun ƙwallo, ba ta samun damar rufewa, sai ta iske ƙwallon tana a buɗe, ga mai bugu da dama kuwa buɗaɗɗiyar fuska dama take aikawa.

Ranka ya daɗe, ka taɓa kaɗa bulala? Hannu ne ke fara tafiya, bakin bulalar ya zo daga ƙarshe, shi ne kuma mai ƙarar. Ba wanda ke riƙe bakin bulala ya hana shi zuwa da wuri, laushinta ne ke sa ya yi jinkiri. A golf ma haka: nauyi ya koma ƙafar hagu, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, hannaye su bi ƙirji, kan sanda ya zo a ƙarshe. Ni na koyi wannan ina yaro mai ɗaukar jakar 'yan wasa a Jos. Wani dattijo da nake bi ya gan ni na damƙe sanda kamar zan yi faskare, ya fizge ta daga hannuna, ya ba ni tawul ɗinsa da ya ƙulle bakinsa, ya ce in yi ta kaɗawa. Tawul ba ya yarda a tura shi, dole ka ja shi. A ranar na fara jin abin a hannuna.

Kai ma fara da tawul ɗin. Ka ɗaga shi baya, ka jira ƙullin ya taɓa bayanka kafin ka juyo. In ka yi gaggawa zai naɗe maka a wuya, ba sai wani ya gaya maka ka yi kuskure ba.

Sannan ka juya sandarka, ka riƙe ta wajen kai, mariƙin yana ƙasa. Kaɗa ta ka saurari inda iska ke yin fuuu. In ƙarar na fitowa wajen kafaɗarka ta dama, ka zubar da ƙarfin tun a sama. So ake ta fito daidai wurin ƙwallo ko gaba kaɗan.

Atisayen da na fi so shi ne na layi, ga shi ba ya cin ko kwabo. Samu wuri mai rairayi, ka ja layi, ka ɗauki sanda mai lamba 7, ka yi rabin bugu ba ƙwallo. Duba inda ta tono ƙasa. In bayan layi ne, kan sandar ya riga hannayenka. In gaban layi ne, wajen inda ƙwallo za ta nufa, to hannaye ne a gaba. Kada ka gwada wannan a kan busasshiyar ƙasar hunturu, ta yi tauri kamar daɓe, za ta ƙara wa hannunka ciwo.

Riƙon kuma ka sassauta shi har ka riƙa jin nauyin kan sandar a yatsunka. Yawancin manyanmu da suka shigo wasan da furfura nan matsalarsu take, suna ganin sandar za ta kufce. Kuma kada ka nemi lanƙwasar wuyan hannu irin ta Garcia, shi tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya fara koya masa. Kaɗan ma ta ishe ka.

Batun ciwon, ka ajiye sanda mako ɗaya ko biyu. In bai lafa ba, ko ka ga kumburi, je ka ga likita kafin ka koma fili.